Duwatsun Sitonhenji Da Tukunyar Da Muka Fasa

Yau da tonon asirin kanmu za mu fara, ko da ya ke abin ba shi da daɗin faɗi. Sa'ad da mu ke yara, muna aji huɗu na elementare, akwai wani kufai gabas da garinmu, tafiyar da ba ta kai mil biyu ba. Ba abin da ya rage a wurin sai kuka uku, da tudun tsohuwar ganuwa, da waɗansu duwatsu da aka jera suka yi zobe. Tsofaffi sun ce haka kakanninsu suka tashi suka gan su. Wani ya gaya mana wai mutanen da sun binne azurfa a tsakiyar zoben. Da aka ba da hutu, sai mu huɗu muka saci jiki da dagi da fartanya, muka nufi kufai tun rana ba ta fito ba.

Muka yi ta haƙa har hantsi, sai dagi ya ce ƙwal. Muka share ƙasa, sai ga tukunya, an kifa mata wata ƙarama a baki. Babbanmu bai tsaya wata-wata ba, ya ɗaga dagi ya rotsa ta. Ba azurfa, ba ko anini. Abin da ke ciki baƙar ƙasa ce da gawayi, da guntayen ƙasusuwa, da 'yan duwatsun wuya. Muka watsar da ƙasusuwan cikin ciyawa, muka raba duwatsun, kafin hutu ya ƙare duk sun ɓace wajen wasa.

Da labari ya kai kunnen babban malaminmu, ya kira mu. Mun ɗauka bulala za mu sha, amma ko taɓa mu bai yi ba, sai tambaya. Zurfin ramin ƙafa nawa ne? Tukunyar a tsaye ta ke ko a karkace? Da zane a jikinta? Me ke ƙarƙashinta? Muka yi tsuru-tsuru, ba wanda ya iya amsa ko ɗaya. Ya ce, "Yarana, da kuɗi kuka ɓatar da sai iyayenku su biya. Wannan kuwa ba mai iya biyansa. Kun wanke allo ba ku haddace ba." A lokacin murna muka yi da mun tsira daga duka. Sai bayan shekara fiye da talatin muka gane abin da ya ke nufi, ran da muka tsaya gaban waɗansu duwatsu a Ingila.

Sunan wurin Sitonhenji. Yana cikin wani fili fetal, kamar mil 90 yamma da Landan, mil 8 arewa da birnin Salisbari. Mun sha ganin hotonsa a littafi, amma gani ya kori ji. An kafa manyan duwatsu an yi zobe da su, faɗinsa kamar ƙafa 100. Da farko guda 30 ne a tsaye, yanzu saura 17. Tsawon kowane ya kai ƙafa 13 a bisa ƙasa, nauyinsa kuwa kamar tan 25, watau nauyin buhun siminti 500. Aka ɗora waɗansu a gicciye bisa kawunansu. Ba kuwa ɗorawa kawai aka yi ba, an fafe na sama, an fiƙe kan na ƙasa ya shige ciki, kamar yadda kafinta ke haɗa ƙafar tebur. A cikin zoben akwai waɗansu da suka fi waɗannan girma, bibbiyu a tsaye da ɗaya a bisansu, har kashi biyar. Mafi tsawonsu ya yi ƙafa 22. Akwai kuma ƙanana masu sofane da shuɗi in ruwa ya jiƙa su. An kewaye duka da gwalalo da ɗan tudu, faɗin filin ƙafa 360. In ka tsaya a tsakiya wajen ran 21 ga Yuni, ranar da yini ya fi tsawo a ƙasarsu, rana za ta ɓullo daidai da ƙofar shiga. Wajen ran 21 ga Disamba kuwa za ta faɗi daidai da kishiyar wannan ƙofa.

Waɗanda suka yi wannan aiki ba su da ƙarfe, ba su kuma bar rubutu ba. Saboda haka kowane zamani ya yi ta ba da nasa labari. Wajen 1136 wani marubuci, Geoffrey na Monmouth, ya ce wai ƙattai ne suka kwaso duwatsun daga can ƙuryar Afirka suka kai Ailan, sa'an nan wani boka mai suna Merlin ya ɗauko su ya kawo Ingila. Kada ku yi masa dariya, gama mu ma in mun ga babban aikin da, mu kan ce na Samudawa ne. Wani babban magini, Inigo Jones, wanda aka buga littafinsa cikin 1655, ya ce aikin Rumawa ne. Cikin 1663 wani likita ya ce a'a, mutanen Denmak ne. John Aubrey, da William Stukeley wanda ya buga nasa littafin cikin 1740, suka ce bokayen ƙasar na da ne, waɗanda a ke kira Duruwid. Har cikin 1953, da wani shaihin malami, Richard Atkinson, ya hangi zanen wuƙa a jikin wani dutse, sai ya yi tsammanin ko maginin daga ƙasar Girka ya zo. Duk waɗannan masu ilmi ne, kuma duk sun kuskure. An kafa manyan duwatsun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, an haƙa gwalalon wajen shekara 500 kafin nan, tun ba a san za a yi Rumawa ba. Yawancinsu sun kai ido nesa, alhali amsa tana kwance ƙarƙashin takalmansu.

To, sai masu tono. Na farkon da aka san labarinsa sosai wani babban basarake ne, Duke na Buckingham. Cikin 1620 ya sa aka haƙa ƙaton rami a tsakiyar duwatsun. Aka sami ƙahoni da kawunan dabbobi da gawayi, ba wanda ya auna, ba wanda ya adana. Da muka ji wannan sai muka sunkuyar da kai, don mun ga tsakaninmu da shi ba bambanci, sai dai shi basarake ne, mu 'yan aji huɗu. Wurin da ya fi ko'ina daraja shi ya fara ɓatawa, har yau kuwa ba mai iya mai da shi yadda ya ke.

Cikin 1901 aka sami mutum na daban. Daren ƙarshe na 1900 iska ta ka da dutse guda da na bisansa, mutane suka tsorata kada sauran su bi. Aka kira William Gowland ya miƙar da dutsen nan mafi tsawo, wanda ya karkace ƙwarai. Shi ɗan wuri kaɗan ya tona. Ya raba shi gida-gida, ya auna zurfin kowane abu, ya sa aka tankaɗe ƙasar da rariya, ya rubuta. Ya sami gudumomin dutse da aka sassaƙa duwatsun da su, da ƙahonin wata irin babbar barewa mai ƙaho da rassa, waɗanda aka yi haƙa da su maimakon diga. Daga nan ya ce mutanen ƙasar ne suka yi aikin, tun zamanin da a ke aiki da makaman dutse. Ɗan ramin nan nasa ya fi ƙaton ramin basarake amfani nesa ba kusa ba.

Cikin 1915 aka yi gwanjon wurin, wani mutum, Cecil Chubb, ya saya fam 6,600, cikin 1918 ya ba ƙasarsa kyauta. Sai aka ɗora wa wani tsohon soja, Kanar William Hawley, aikin tono. Dattijo ne, ya kusa shekara 70. Daga 1919 zuwa 1926 ya tona kusan rabin filin, galibi shi kaɗai ko da mataimaki guda, cikin ruwa da iska. A gefen tudun nan ta ciki ya tarad da ramuka a jere sun yi zobe. Guda 56 ne, shi ya tona 32. Aka sa musu sunan Aubrey, don shi ya fara lura da alamarsu cikin 1666. A cikin ramukan nan da gwalalon Hawley ya yi ta samun ƙonannun ƙasusuwan mutane tsibi-tsibi, kusan wuri 60, gama mutanen wannan zamani su kan ƙone gawa kafin su binne.

A nan ne labarin ya taɓa mu. A zamanin Hawley an ɗauka ba abin da za a koya daga ƙonannen ƙashi, ba kuma gidan ajiyar kayan tarihi da ya yarda ya karɓa. Ƙasusuwan suka yi shekaru a ajiye ba mai so. Cikin 1935 mataimakin Hawley, Robert Newall, da wani mai suna William Young, suka zuba su cikin buhu huɗu, suka buɗe rami na bakwai cikin ramukan Aubrey, suka binne. Amma sun yi wani abu guda da mu ba mu yi ba. Sun sami farantin darma, sun rubuta mene ne waɗannan ƙasusuwa, da wanda ya tono su, da shekarun da aka tono su, suka aza a kai, kana suka mai da ƙasa.

Shekara 73 suna kwance. Cikin 2008 waɗansu masana uku, Mike Parker Pearson da Mike Pitts da Julian Richards, suka sake buɗe ramin. Buhunan sun riga sun ruɓe, amma ga farantin darma, ga ƙasusuwa a dunƙule, guntaye fiye da 500,000. Wata malama, Christie Willis, ta yi shekaru tana tsince su ɗai-ɗai. Dabarar ƙirga mutane ita ce a nemi irin ƙashin da kowane mutum guda ɗaya gare shi, kamar na tsakiyar ƙeya. In ka sami irinsa ashirin, ka san mutum ashirin ne. Da haka ta rarrabe mutum 27 a ƙalla, har da yara. Cikin waɗanda aka iya gane jinsinsu, 14 mata ne, 9 maza. Mai haƙuri ya kan dafa dutse, in ji Hausawa.

Sa'an nan aka auna shekarunsu. Ga yadda a ke yi. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ya ke samu daga iska da abinci. In ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa sannu a hankali, rabinsa ya kan ƙare cikin shekara 5,730. Wanda ya auna abin da ya saura ya san tun yaushe aka mutu. Awon ya nuna an fara binne mutanen nan wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka yi ta yi har wajen shekara 500. Ashe Sitonhenji makabarta ce tun farkonta, tana kuwa cikin mafi girma na wannan zamani a duk tsibirin. Cikin 2018 aka yi wani awon. Ruwan da mutum ya sha da abincin da ya ci su kan bar alamar ƙasar da ya zauna a cikin ƙashinsa. Aka gwada mutum 25, aka ga 10 daga cikinsu ba kusa da nan suka yi ƙarshen rayuwarsu ba, alamarsu ta dace da yammacin tsibirin, inda ƙasar Welis ta ke.

Wannan kuwa ya yi daidai da abin da duwatsun suka nuna. Tun 1923 wani masanin duwatsu, Herbert Thomas, ya gano ƙananan nan masu shuɗi daga tuddan Preseli na Welis aka ɗauko su, tafiyar mil 150. Wani shimfiɗaɗɗe a tsakiya, mai nauyin tan 6, cikin 2024 aka gano daga arewa maso gabashin Sukotilan ya fito, fiye da mil 450. Manyan kuwa, ga yadda aka san mafitarsu. Cikin 1958 ana ta da waɗansu da suka faɗi tun 1797, sai aka ga ɗaya ya tsage. Aka huda shi wuri uku don a zura ƙarfe ya riƙe. Wani ma'aikaci ya adana ɓargon dutsen da aka zaro, tsawonsa ya ɗara ƙafa uku, ya tafi da shi har Amurka. Cikin 2018, yana gab da shekara 90, ya mayar. Da ya ke an san ainihin dutsen da ya fito, aka auna shi, cikin 2020 aka sanar cewa 50 daga cikin manyan duwatsu 52 da suka rage iri ɗaya ne, sun dace da na wani daji mil 15 arewa da wurin. Ɗan guntun dutse ke nan, amma an ajiye shi tare da labarinsa.

To, don me aka yi wannan wahala? Amsar da ta fi karɓuwa ga masana da yawa, wani ɗan Afirka ne ya buɗe ƙofarta. Cikin 1998 Parker Pearson ya kawo abokin aikinsa Ramilisonina, masanin kayan tarihi daga tsibirin Madagaska. Da ya duba, ya ce ai wannan na kakanni ne, gama a ƙasarsu itace na masu rai ne, don yana ruɓewa kamar jikin mutum, dutse kuwa na matattu ne, don yana dawwama. Aka bi wannan magana da tono, ba a karɓe ta haka kawai ba. Mil biyu daga duwatsun, a wani wuri da a ke kira Durrington Walls, inda dama an san an taɓa kafa zoben manyan itatuwa, aka tono daɓen ɗakuna da murahu, da tulin ƙasusuwan aladu da aka yanka lokacin sanyi. An zauna garin nan daidai zamanin da a ke kafa manyan duwatsun. Daga garin hanya ta gangara zuwa kogin Avon, daga kogin wata hanya ta hau zuwa duwatsun. Waɗansu masana sun ce wurin neman waraka ne, waɗansu sun fi ba da ƙarfi ga lissafin rana da shekara, gardama ba ta ƙare ba. Amma yanzu kowa zai yi gardama sai ya kawo shaida daga ƙasa.

Kada ku ce ai labari ya ƙare lafiya, gama akwai hasarar da ba ta gyaruwa. Da aka haɗa ƙasusuwan nan cikin buhu, an cakuɗa su. Yau ba mai iya cewa wannan matar daga wane rami ta fito, wa ke kusa da ita, wa aka fara binnewa a gabas, wa a yamma. Cikin 2008 ɗin, a gefen rami na bakwai, masu tonon suka tarad da ƙasusuwan wata mace guda waɗanda Hawley bai gani ba, suna nan yadda danginta suka ajiye su. Ita kam an san wurinta, an san nata duka nata ne. Har da rabin filin da Hawley bai taɓa ba, yanzu shi ne dukiya, ana tattalinsa don masu zuwa, gama za su zo da awon da mu ba mu da shi, kamar yadda mu ke da wanda Hawley bai yi mafarkinsa ba.

Muna tsaye bayan igiyar da aka gitta don kada baƙi su taka wurin, iska mai sanyi tana kaɗa mu, sai tambayoyin malaminmu suka dawo mana ɗaya bayan ɗaya. Gawayin nan da muka watsar, da yau ya faɗi shekarun kufan garinmu. Ƙasusuwan da sun faɗi ko mace ce ko namiji, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Zanen tukunya da ya nuna da waɗanne mutane suka yi hulɗa. Wata kuwa ba ilmi kaɗai muka ɓata ba. Wani ne aka binne a nan, 'yan'uwansa suka rufe shi da mutunci, mu kuwa muka watsar da shi cikin ciyawa don kwaɗayin azurfa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, ga roƙonmu gare ku, tun da hutu ya kan kai ku gona da kiwo da yawon daji. In kun ga tukunya ta leƙo a bakin rafi, ko duwatsu a jere, ko gatarin dutse, ko kashin makera a tsohon kufai, kada ku tona, kada ku cire. Ku ɗauki fensir da takarda ku zana shi yadda ya ke kwance. Ku auna da taki daga wata itaciya ko dutsen da ba ya gusawa, ku rubuta rana da wata da shekara. Ku tambayi tsofaffi abin da suka ji game da wurin, ku rubuta shi da sunan cewa ji aka yi, kada ku haɗa shi da abin da idonku ya gani. Sa'an nan ku gaya wa malaminku da mai gari, su sanar da ma'aikatan gidan kayan tarihi. In kuwa garma ta riga ta tono abu, ku adana shi duka, har da gawayi da tsingaro, ku ɗaura masa takarda mai faɗin inda ya fito, kamar yadda mutanen nan biyu suka yi da farantin darma. Wannan ba ya bukatar kuɗi, sai haƙuri da gaskiya.

Da muka komo gida mun je kufan nan. Kuka biyu sun faɗi, an nome wurin, duwatsun zoben kuwa an kwashe an yi harsashin gini da su. Muka yi ta kewaya cikin karan dawa, ko gurbin raminmu ba mu gane ba. Cikin mu huɗu saura mu biyu a raye, dukanmu kuwa ba mai iya tuna ko da zane a jikin tukunyar. Da-na-sani ƙeya ce. Allah Ya sa ku fi mu hankali.